Hajiya ta ce maganin Makka ya zo, a ajiye na asibiti

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Wata biyu ke nan Hajiyarmu ta zame a wajen alwala. Ba wata faɗuwar a zo a gani ba ce, santsin tayil ne ya ɗebe ta, ta dafa ƙasa da hannu, sai ga wuyan hannun ya karye. Shekarunta 67. Muka kai ta asibitin ƙashi na Dala aka gyara, alhamdulillahi hannu ya kama. Amma likitan ya ce 'yar wannan faɗuwa bai kamata ta karya lafiyayyen ƙashi ba, ya tura mu hoton auna ƙarfin ƙashi, wanda suke ce wa DEXA. Da sakamako ya fito, an rubuta -2.9, ya ce ƙashinta ya zaizaye. Ya rubuta mata alendronate ƙwaya ɗaya a mako, da ƙwayar kalsiyam mai haɗe da bitamin D kullum.

To ga inda gizo ke saƙa. Ta mako-makon nan Hajiya ta tsane ta. Sai da safe kafin ta sa komai a baki, da kofi cike da ruwa, kuma an hana ta kwanciya sai bayan rabin awa, ita kuwa tun muna yara bayan asuba take komawa barci. Ana cikin haka Yayanmu da ke Jidda ya aiko da kwalbar bitamin D, an rubuta 50,000 a jiki, ya ce ta riƙa shan ɗaya kullum. Shi ke nan Hajiya ta samu abin da take so, ta ce maganin Makka ya zo, a ajiye na asibiti. Yau kwana tara tana sha. Bitamin ɗin kaɗai zai wadatar, ko in dage mata?

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Tamu ma haka take fama da sanyin ƙashi, gwiwoyin nan ba sa barinta barci.

Famasis Auwal: Maman Ilham, kafin komai, don Allah yau ɗin nan ki ɗauke kwalbar Jiddan daga ɗakinta. Ƙwaya mai 50,000 ba ta kullum ba ce. Likita ne ke rubuta ta ga wanda gwajin jini ya nuna bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa sosai, yawanci ɗaya a mako na 'yan makonni, sannan a koma ƙarami. Abin da ake so mai shekarun Hajiya ta samu a rana bai wuce 600 zuwa 800 a ma'aunin IU ba, kuma iyakar da aka ɗauka ba ta da haɗari ga babba ba tare da kulawar likita ba 4,000 ce. Ki lissafa da kanki, ninki nawa take sha. Shi bitamin D jiki ajiye shi yake yi a cikin kitse, ba ya fita da fitsari kamar bitamin C. In ya taru sai kalsiyam ya hau a jini: ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, bushewar ciki, wani lokacin har rikicewar tunani, ƙoda kuma ta sha wahala. Kwana tara da wuya ya kai ta can, amma ki gaya wa likitanta adadin da ta sha, ya ga ko za a duba jininta.

Maman Ilham: Innalillahi. Wallahi na ɗauka bitamin ai bitamin ne, ko ya yi yawa ba komai. Yanzu zan tura Ilham ta ɗauko min ita.

Ummi Mai Kayan Gyara: Anti ki yi min magana ta bayan fage. Ina da haɗi na musamman ɗan waje, kalsiyam da D3 da K2 da kolajin duk a kwalba ɗaya, ba sinadarin bature a ciki. Wata uku ƙashi ya dawo kamar na budurwa da yardar Allah. Waɗanda suka gwada suna nan suna godiya.

Admin Malam Nura: Ummi, mun sha faɗa, talla ranar Asabar ce. Wannan kuma maganar mara lafiya ce. A kiyaye.

Baffa na Gwammaja: Ni dai ban gane wannan zamani ba. Kakata ta haura tamanin tana daka da kanta, tana zuwa rijiya, ba ta taɓa jin sunan wani bitamin ba. Kuma rana a garin Kano har sai an saya a kwalba? Ku ba tsohuwa fura da nono ku bar ta ta huta. Turawa ne ba su da rana, shi ya sa suka ƙirƙiro abin sayarwa.

Anti Nas: Baffa, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka gaskiya ce. Kakarka tana daka, tana tafiya rijiya, tana wuni a tsakar gida, tana shan nono. Duk abin da ƙashi ke so ta haɗa ba tare da ta sani ba. Amma ka tuna sauran tsofaffin unguwa. Nawa ne suka ranƙwafa har suna kallon ƙasa, muka ce tsufa ne? Nawa aka ce "ta faɗi a banɗaki, tun daga nan ba ta sake tashi ba", bayan wata uku ko huɗu aka yi jana'iza? Cutar nan ce, suna ne ba mu ba ta ba. Ƙashin baya kan murƙushe a hankali, mutum ya rage tsawo, zanin da yake ɗaurawa ya fara jan ƙasa. Na yi shekaru a ɗakin masu karaya, karayar ƙugu a jikin tsohuwa ba ƙaramin abu ba ce.

Sannan Ummu Sadiq, ciwon gwiwar mamanki daban, wannan daban. Abin da muke kira sanyin ƙashi yawanci ciwon gaɓɓai ne, gurunguntsi ne ya cinye. Ita zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, ba ta ciwo ko kaɗan sai ranar da ƙashi ya karye. Ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, saboda sinadarin estirojin da ke tsare ƙashi ya ja baya.

Ummu Sadiq: Ikon Allah. Ni duk a ƙwarya ɗaya nake zuba su.

Baffa na Gwammaja: To na ji. Amma maganar rana fa? Ita ma za ki ce ba mu da ita?

Anti Nas: Muna da ita Baffa, shiga cikinta ne muka daina. Dubi ginin yanzu: an rufe tsakar gida da kwano ko an yi falo a wurin, daga ɗaki sai mota. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya sa fata ta yi bitamin D. Baƙar fata kuma ta fi farar fata buƙatar jimawa a rana, fatar tsoho ma ba ta yin sa kamar ta yaro. Ba wanda ya ce mace ta fita titi ba mayafi. A cikin gidanta, inda ba idon kowa, ta zauna hannuwa da ƙafafu a buɗe na ɗan lokaci. Kuma ba ranar sassafe ba da ake ta yabo, wannan ba ta da ƙarfin. Sai hantsi ya ɗaga sosai, lokacin da inuwar mutum ta fara gajarta.

Injiniya Bashir: Ni fa na karanta cewa an yi babban bincike a Amurka, aka gano bitamin D ba ya hana karaya kwata-kwata. In haka ne, da na Jidda da na asibiti duk asarar kuɗi ce. Famasis, ku ne dai ba kwa son a faɗa saboda ciniki.

Famasis Auwal: Injiniya, ai da ciniki nake so da na bar Hajiya ta shanye kwalbar in sayar mata da wata. Binciken da kake nufi gaskiya ne, VITAL sunansa, sakamakon karaya ya fito a 2022. Mutum sama da 25,000, rabi ana ba su 2,000 kullum, rabi ƙwayar da ba komai a ciki, aka bi su kimanin shekara biyar, karaya ba ta ragu ba. Amma su wa aka gwada? Mutanen gari masu lafiya, ba a zaɓe su don suna da ƙarancin bitamin D ko zaizayar ƙashi ba. Abin da ya nuna shi ne, wanda tulunsa ke cike ƙara masa ruwa ba ya amfana masa komai.

Ga kishiyarsa. A Faransa a 1992 an gwada tsofaffin mata sama da 3,000 da ke zaune a gidajen kula da tsofaffi, masu shekaru tamanin da wani abu, ba sa fita rana, abincinsu ba isasshen kalsiyam. Aka ba su kalsiyam miligiram 1,200 da bitamin D 800 kullum na wata 18. Karayar ƙugu ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Ka ga amsa biyu, ya danganta da wanda ya sha da abin da aka haɗa masa.

Na uku kuma shi ya fi dacewa da kwalbar Jidda. A Ostireliya, 2010, an ba tsofaffin mata bitamin D 500,000 a tashi ɗaya sau ɗaya a shekara, da tunanin a huta da shan kullum. Waɗanda suka sha sai suka fi faɗuwa, suka fi karyewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Injiniya Bashir: To Hajiyar Maman Ilham a wane rukuni take? Tulunta cike yake ko wofi? Ba wanda ya auna.

Famasis Auwal: Nan kam ka yi tambaya. Akwai gwajin jini na bitamin D, likita zai iya turawa, sai dai yana da ɗan tsada, kuma yanzu da ta sha na kwana tara lambar za ta fito sama da yadda take a da. Amma ko me gwajin ya nuna, ba zai canza babbar maganar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1994 ta sa iyaka: wanda hoton DEXA ya ba shi -2.5 ko ƙasa da haka yana da cutar. Hajiya -2.9, kuma ta riga ta karye sau ɗaya daga tsaye. Wanda ya karye sau ɗaya haka, haɗarin na biyu ya ƙaru sosai, musamman a shekara ɗaya zuwa biyu na farko. Ƙashi kullum cikin rushewa da gini yake. A jikinta masu rushewa sun fi magina sauri. Kalsiyam bulo ne, bitamin D shi ke shigo da bulon daga hanji zuwa jini, alendronate kuma shi ke riƙe hannun masu rushewa. Ki tara bulo har ya kai rufi, in ba a tsayar da rushewar ba aikin banza ne. Haka kuma alendronate ba ya aiki yadda ya kamata in babu bulon, shi ya sa likitan ya haɗa mata biyun. Bai yi kuskure ba.

Rabi Maraɗi: Sannunku da muhawara. Mu nan cuku muke ba tsofaffi, a daka a zuba a fura ko a jiƙa a shayi. Shin wannan bai isa ba sai an sha ƙwaya? Ina tambaya ne don innata.

Malama Hadiza Abinci: Rabi, cuku kam abinci ne na gaske a wannan fanni, da nono da kindirmo da madara. Kofi ɗaya na madara ko nono yana ba da kalsiyam wajen miligiram 300, ita kuwa mace da ta wuce hamsin ana so ta samu 1,000 zuwa 1,200 a rana, abinci da ƙwaya a haɗe. Matsalarmu tuwo ne ya cika kwanon. Masara da dawa da shinkafa kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Akwai binciken da nake yawan ba ɗalibaina labari, wanda Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999. Yara ne masu lanƙwasar ƙafa, wadda duniya ta saba ɗora wa ƙarancin bitamin D. Sai aka tarar abin da yaran ke samu na kalsiyam a rana wajen miligiram 200 ne kawai, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Yara ne ba tsofaffi ba, na sani, amma tukunya ɗaya ake ci a gidan. A ƙasar nan sau da yawa abin da ya yi ƙaranci a kwano yake, ba a sama ba.

Bayan nono akwai kuka, wadda muke rainawa, ganyenta na da kalsiyam sosai. Akwai zogale, riɗi, tamba ga masu samunta, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, ko sadin na gwangwani. Alayyahu yana da shi amma jiki ba ya iya ɗibar da yawa daga ciki. Bitamin D kuwa abinci ba ya ba da shi da yawa, sai ɗan abin da ke cikin kifi mai mai da gwaiduwar ƙwai.

Ummu Sadiq: Malama, kanwa fa? Mamana ta ce kunun kanwa na ƙara ƙarfin ƙashi. Wata maƙwabciyarmu kuma farar ƙasa take ci wai don kalsiyam.

Malama Hadiza Abinci: Kanwa dangin gishiri ce, ba kalsiyam ba, mai hawan jini ma gara ya rage ta. Farar ƙasa kuwa ba ki san me ke cikinta ba, an sha samun dalma a irinta, kuma tana hana jiki ɗibar sinadarin ƙarfe. Ta bari kawai.

Ummi Mai Kayan Gyara: Ba talla nake ba Admin, tambaya ce. K2 ɗin da kowa ke magana a intanet shi ma ƙarya ne ke nan?

Famasis Auwal: Ba ƙarya ba ne Ummi, bitamin ne na gaske, amma hujjar cewa yana hana karaya ba ta yi ƙarfin da za a ajiye magani saboda shi ba. Kuma duk mai shan warfarin, maganin tsinka jini, bitamin K na lalata masa aikin maganin. Kin tambayi masu sayenki ko suna sha? Man hantar kifi ma da ake ba tsofaffi, akwai bitamin A da yawa a ciki, wanda in ya yi yawa shi kansa ƙashi yake raunanawa. Ita ƙwayar kalsiyam ɗin ma ba alawa ba ce. A wani babban bincike na mata sama da 36,000 a Amurka, 2006, masu shan kalsiyam da bitamin D sun fi samun tsakuwar ƙoda da kashi 17 cikin 100. Shi ya sa muke cewa a fara da kwano, ƙwaya ta cike abin da ya rage. Kowace kwalba kuma a duba lambar NAFDAC.

Maman Ilham: Jama'a ku tsaya. Na je da kaina ɗauko kwalbar, na buɗe tsohuwar jakar Makkan da take ajiye magunguna a ƙarƙashin gado. Sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin fararen ƙwayoyi a ƙulle a leda, ba kwali. Na tambaye ta, ta ce na gwiwa ne, wani mai kemis a layinsu ke haɗa mata, ya fi shekara uku, in ta sha biyu har rawa take iya yi. Na samu sacet ɗaya da bai yage ba, an rubuta dexamethasone. Ba ta gaya wa likita ba, wai ai ba magani ba ne, taimako ne.

Anti Nas: La haula. Maman Ilham, ga ɓarawon nan a cikin ɗaki muna ta neman sa a waje. Dexamethasone da prednisolone suna cikin magungunan da suka fi cin ƙashi in an daɗe ana sha. Suna rage gina ƙashi, suna hana hanji ɗibar kalsiyam. Fuskarta ba ta yi cika ba? Sukarinta da hawan jininta fa?

Maman Ilham: Wallahi ta yi kumatu, muna ta cewa hutu ne ya karɓe ta. Bara aka ce sukarinta ya ɗan hau. Yanzu zan zubar da su a masai.

Anti Nas: A'a! Kar ki zubar, kar kuma ki hana ta sha yau. Wanda ya shekara uku a kansa ba a yanke masa lokaci ɗaya, jikinsa ya daina yin nasa sinadarin, in aka tsayar kwatsam zai iya faɗuwa, har rai kan tafi. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Gobe ki kwashi jakar nan gaba ɗayanta, da ledar da kwalbar Jidda, ki zube masa a tebur.

Famasis Auwal: Abin da Anti ta faɗa shi ne. Kuma 'yan matan gidan nan masu shan sha-ka-fashe don a yi ƙiba kafin biki, sau da yawa wannan ƙwayar ce a ciki. Ƙashin da za ki mora a tsufa kafin shekara talatin ake tara shi.

Baffa na Gwammaja: To ka ji. Ashe dai maganar tawa ce, ƙwaya ce ta jawo. Kakata ba ta san mai kemis ba.

Injiniya Bashir: Baffa ba ya faɗuwa ƙasa.

Rabi Maraɗi: Ni tambayata a kan ƙa'idar ƙwayar mako ce. Me ya sa aka hana kwanciya? Innata ma an rubuta mata, tana sha da shayi.

Famasis Auwal: Ta daina sha da shayi Rabi, asarar ƙwayar take yi. Ko da ruwa zalla, abin da jiki ke ɗiba daga cikinta ɗan kaɗan ne, in ta haɗu da shayi ko madara ko kunu kusan ba abin da zai shiga. Hana kwanciyar kuma don kar ta dawo maƙogwaro ta ƙona shi. A zaune ko a tsaye, rabin awa, sannan a karya. Ƙwayar kalsiyam a bar ta sai da abincin rana ko na dare, kar a haɗa su. Irin wadda aka fi sayarwa, mai kabonet, sai da abinci take narkewa sosai, kuma jiki ya fi ɗibar ta sosai in ba ta wuce miligiram 500 zuwa 600 a zama ɗaya ba. Tana busar da ciki, a yawaita ruwa. Mai shan maganin ƙarin jini ko na maƙoƙo ya raba lokacinsu da ita. In ta mako tana jawo ƙwannafi mai tsanani ko wahalar haɗiya, a koma wa likita, akwai ta ƙarin ruwa da ake yi sau ɗaya a shekara.

Anti Nas: Ku kuma gyara wajen alwalar nan. Tabarmar roba a kan tayil, ƙarfen dafawa a bango, kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsayi, fitila a hanyar banɗaki da dare. A canza mata silifas ɗin da ya suɗe. In idonta na da yana a duba. Kuma kar ku ce ta kwanta ta huta, ta riƙa zagaya gida, ƙashi na son a taka shi.

Maman Ilham: Salam, ga yadda aka yi. Mun je jiya da jakar. Likita ya riƙe kai da ya ga ledar. Ya rubuta yadda za a riƙa rage mata ita, ya tura gwajin jini da na ƙoda, ya ce a kawo kwalbar Jidda a ajiye a wurina sai sakamako ya fito. Ta mako kuma mun yi sulhu da Hajiya: ranar Juma'a, in ta idar da asuba ta sha, ta jingina da bango a kan darduma ta yi laziminta har gari ya waye. Ta ce in dai haka ne ba komai, dama tana jan carbin. Yaya ne dai ya yi fushi, wai riyal ɗinsa muka raina.

Rabi Maraɗi: Ki ce masa ya aiko da dabino. Cukun kuma in kina so akwai mai zuwa Kano ranar Laraba, ki turo min inda za a ajiye.